Adafta Mai Bolt Sha Tara

Zuwa ga uwargidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa lafiya. Ya jikin Auta, ya jariri? Ki shafa mini kansa. Gida lafiya lau, sai dai tun tafiyarki sau biyu ina ƙona shinkafa, kuma laifin tukunyar ne.

Na samu aiki a asibitin da ke bayan shagona, a ɗakin da ake wa masu ciwon ƙoda wankin jini. Gaban kujerunsu akwai babban akwatin gilashi cike da ruwa da kifaye masu launi. Mutum zai yi awa huɗu da allura a hannu, ba abin kallo sai su. A murfin akwatin akwai fitila, a jikinta kuma wata 'yar fanka da ba ta kai tafin hannu ba, ita ke fitar da zafi. Adaftar da ke ba fankar wuta ce ta ƙone, shi ne babbar nas ta aiko a kira ni.

Ta ce za ta sa a sayo sabuwa, na ce ta bar wahala. Na yi mata bayani yadda nake wa kowa. Bolt ɗin adafta, wato ƙarfin wutarta, dole ya zo daidai da na fanka, sha biyu da sha biyu. Yawan wutar da adafta ke iya bayarwa kuwa, in ya fi abin da fanka ke ja ba komai, fanka iya cikinta take ci. Sai kuma a duba bakin, ya shiga daram, kada wayoyin su juye. Na koma shago na buɗe durowar nan da kike cewa in zubar, na zaɓo adafta guda, na jona. Fanka ta tashi da gudu kamar tana jin haushin wani. Shekara talatin ina wannan sana'a, minti goma ya ishe ni.

Ki gaida surukinmu.

Naki,
Baban Auta


Uwargida,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku duka. Na ji daɗi da kika ce jariri ya kama nono sosai.

Akwai abin da zan faɗa miki, gara ki ji daga bakina. Ranar Litinin da safe nas ta sake kirana. Fankar ta ƙone tun ranar Juma'a bayan fitowata, fitila ta yi kwana uku tana gasa ruwa a rufe. Kifi biyu sun mutu, sauran suna saman ruwa suna haki. Na kashe fitilar, na buɗe murfi, na shiga faɗa cewa fankokin yanzu duk jabu ne.

A kujerar da ke kusa da akwatin akwai wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, kowa Malama yake ce mata. Ta ce in miƙo mata adaftar. Ta juya ta da hannunta ɗaya da ba allura, ta karanta, ta ce, “Mai gyara, ranar nan na ji ka ce sha biyu. Nan sha tara aka rubuta.” Na ce ba zai yiwu ba. Ba ta yi musu da ni ba, ta cire tabaraunta ta miƙo mini.

Uwargida, sha tara ne. Adaftar kwamfuta ce. Ma'aunin wuta yana cikin jakata ranar, ban ciro shi ba don na yarda da idona. Kuma da tabarau ɗin a fuskata na ga ƙananan rubutun da na daɗe ina cewa masu kamfani sun daina bugawa da kyau. Ashe ba su suka daina ba.

Na juya na gaya wa nas a gaban kowa cewa kuskurena ne, fankar ba ta da laifi. Malama ta ce ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu, mai ruwan ɗorawa, shi take bi da ido in jiri ya kama ta. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma hakan ya fi yi mini zafi.

Kada ki damu, na san abin yi.

Mijinki


Uwargidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya kwanan jariri, ya gajiyar raino?

An gama. Na sayo sabuwar fanka da adafta mai bolt sha biyu. Na karanta da kaina, na auna da ma'auni, sannan na ba Malama ta karanta da ƙarfi, duk ɗakin suna dariya. Na zauna awa guda hannuna a kan murfin, sanyi ƙalau. Kifayen sun koma ƙasa suna yawonsu. Na kawo sababbin kifaye biyu, nas ta ce sai sun yi kwanaki a wani akwati daban kafin a haɗa su, na ce ita ta san wannan, ni wuta na sani.

Daga ɗakin na haura sama wajen likitan ido. Ya ce ba ciwo ba ne, shekaru ne. Yanzu haka da tabarau nake rubuta miki, baƙi mai kauri. Mai shagon kusa da nawa ya ce na koma kamar alƙali.

Kin tuna tarin rediyo da na'urorin da ke bayan ƙofar shago, waɗanda na ce wa masu su sun mutu, ba sa gyaruwa? Jiya na sauko da uku. Biyu sun tashi kafin azahar, ɗaya ma 'yar waya ce kawai ta tsinke, siririya kamar gashi. Akwai goma sha ɗaya da suka rage. Yau na fara kiran masu su ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri. Ɗaya daga cikinsu, tela, ya ce har ya sayi wata rediyon, amma zai zo ya karɓi tasa, don ta mahaifinsa ce.

Ki zauna har Auta ta ji ƙarfi, kada ki yi gaggawa. Aiki ya yi mini yawa a nan.

Naki har kullum,
Baban Auta