Sun Ce Ba Ta Kallon Mutum a Ido

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya sa ciwon ƙafar nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, Inna ta samu sauƙin tari, baban yara kuma yana nan yana fama da garejinsa.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma har da kai a ciki. Ka san 'yarka, wato 'yata ta fari, ta gama karatun lauya, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Wani babban ofishin lauyoyi ya yi ta shela wai yanzu ƙofarsu a buɗe take ga 'ya'yan talakawa, suka kira ta ganawa. Ni na ɗinka mata kayan zuwa ganawar da hannuna. Ta shiga ɗaki mai dogon tebur, manya uku a zaune, ta rusuna ta gaishe su, ta sunkuyar da kai yadda muka koya mata. Babban cikinsu ya kawo wata magana ta shari'a a karkace da gangan, don ya ga ko za ta musa masa. Ta gane sarai, amma ta yi shiru, wai kada ta kunyata sa'an babanta a gaban mutane. Suka ce ba ta da ƙarfin hali, ba ta kallon mutum a ido. Suka ɗauki ɗan wani alƙali, yaron da ita take yi wa bita kafin jarrabawa.

Wannan wace irin buɗe ƙofa ce, fisabilillahi? 'Ya'yansu tun suna ƙanana suke gardama da iyayensu a wurin cin abinci, namu kuwa da sun ɗaga ido mu ce ba su da kunya. Kai kuma shekara nawa kana zama a irin waɗannan ɗakuna? Ka san yadda ake yi. Amma da ta kira ka kafin ta tafi, cewa ka yi ta dage da addu'a kawai. Haba Yaya! Addu'a ai muna da ita a gida, abin da ba mu da shi muka nema a wurinka.

Wani ofishin ya kira ta mako mai zuwa, in wannan ya kuɓuce sai baɗi. Don Allah ka kira ta, ka faɗa mata komai, har yadda ake zama a kujerar. Mu ma mun fara namu. Babanta ke zama a benci ya faɗi abu ba daidai ba, ita kuma ta musa. Jiya ta dube shi ido cikin ido ta ce ya yi kuskure. Ya ce madalla, haka ake so. Sannan ya tashi ya fita, ko abincinsa bai taɓa ba.

Ka gaishe min da matarka da autanku. Inna da Gwaggo suna gaishe ka.

Ƙanwarka.