Akwatin da Shodmon Ya Aiko

Kazan, ƙarshen kaka

Zuwa ga Yayata Sanavbar,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da saniyarku mai harbi. Ni kam alhamdu lillahi, in ban da simintin da ya cinye mini tafin hannu. Na bi umarninki, na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo, tunda kin ce waya na yin ƙara Inna ke warce ta, ba damar mu yi magana tsakaninmu. Malamar makaranta dai ba ta sauya hali, amma don Allah kada ki bi rubutuna da jan biro.

Davlatyor, wanda muke aikin gini tare, zai sauka gida mako mai zuwa, na ba shi saƙo. Ɗan akwati ne baƙi, bai fi sabulun wanki girma ba. A bayan talabijin za a jona shi, ya riƙa sha daga intanet ɗin da aka ja muku bara. Yaya, kin huta da hawa rufin ɗaki kina share ƙanƙara daga kan farantin kama tashoshi duk hunturu. Babu sauran zaman jiran lokacin fim. Sa'ad da Inna ta ga dama ta kunna, in za ta yi salla ta tsayar, ta dawo ta tarar da mutanen suna jiranta baki buɗe. Akwai Makka kai tsaye, akwai girke-girke, akwai waƙoƙin zamaninta. Abin da zai fi burge ki, ba sai ta iya karatu ba. Ta danna rimot ta faɗi abin da take so, shi zai nemo.

Game da autanmu Nekruz, har yau shiru. Na sake zagaya masallatai da masaukan 'yan ƙasarmu, ba wanda ya gan shi tun da wayarsa ta daina shiga. Shi ya sa ma na sayi abin nan, ko zai ɗauke wa Inna hankali daga kallon hanya.

Ki gaishe ta, ki ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Shodmon


Sebzor, farkon hunturu

Ƙanena Shodmon,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, akwatinka ma ya iso. Na ga kurakuran rubutun, na kawar da kai.

Zan fara da alherinsa, don kada ka ce ni ba a yi mini gwaninta. Ranar farko Inna ta riƙe rimot da hannu biyu kamar mai gaida liman, ta ce masa, "Salamu alaikum, ɗan nan, in ba damuwa a nuna mini Ka'aba." Ya kuwa nuna. Ta yi ta hawaye tana dariya, rabon da in ji dariyarta har na manta. Matan unguwa suka riƙa cika mana ɗaki da yamma, kowacce da saƙarta, ana dafa shayi buta bayan buta. Tsohuwa Bibi Hojar ta ce, "Wannan abu ya fi surukata ladabi, ana faɗa yana yi."

Sai kuma ɗaya gefen. Yana shan data kamar yashi na shan ruwa, kuma in an ɗauke wuta, wanda yanzu kullum ne, shi da dutse ɗaya. Waɗannan masu sauƙi ne.

Ran Talata na dawo daga makaranta na same ta ita kaɗai, ta kai rimot bakinta tana cewa, "Nekruz. Nekruz ɗan Bahrullo, na Sebzor." Akwatin bai san shi ba, amma bai ce bai sani ba. Sai ya jero mata bidiyoyin 'yan ci-rani na can wajenku: waɗanda aka kwantar a ƙasa ana binciken takardu, ginin da ya rufta da ma'aikata, gawawwakin da ake saukewa a filin jirgi. In ta kalli ɗaya ya kawo mata goma. Yanzu ko ba ta tambaya ba, ana kunnawa su ne a gaba. Abin nan ya gane inda ke mata ciwo, nan yake ta dannawa. Matsawa take har hancinta ya kusa taɓa gilashi, tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Inna, a koma fim mana." Ta ce, "Ke ba ki haifa ba, Sanavbar." Ba ƙarya ta yi ba.

Ka gaya mini yadda ake hana shi wannan hali. Allah ya tsare ka.

Yayarka,
Sanavbar


Kazan

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ke dai kin cika fargaba. Na'ura ce fa, ba aljani ba. Ki shiga wurin saiti, za ki ga inda aka rubuta tarihin kallo, ki goge. Zai manta komai ya dawo kamar jariri. Daga nan ki sa mata fim ɗin nan mai dogon zango na mai kuɗi da 'yar talaka, in ta shiga ba za ta fito ba sai bazara. Ku mata da ƙaramin abu sai ku mai da shi dutse.

Ina sauri, motar siminti ta iso. A gaida Inna.

Shodmon


Sebzor, tsakiyar hunturu

Shodmon,

Ina gaisuwa. Na yi yadda ka ce. Akwatin ya manta, Inna ba ta manta ba. Da ta kunna ta ga masu girki da mawaƙa, sai ta juyo ta dube ni ta ce, "Wa ya kore su?" Ta yi wuni biyu ba ta ci daga hannuna ba. Ta koma kiran sunansa a rimot, kafin mako ya zagayo duk sun dawo. Matan unguwa sun janye ɗaya bayan ɗaya, ba mai son shan shayi a gaban gawa. Tanderu ya huce, burodin kanti muke ci. Saniya ni ke tatsa kafin in tafi aji. Ƙafafun Inna sun kumbura don zama.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Jiya da hantsi ta tako har makaranta cikin ƙanƙara da silifas ɗin ɗaki, ta tsaya a ƙofar aji ta ce, "Taso." Na bar yara na bi ta. A gida ta nuna mini bidiyon wani mutum da ke zagaya kasuwar kayan gwari a Omsk, yana faɗin farashin kabeji da dankali. A bayansa wani ya gifta yana tura baro. Ta tsayar da hoton a kansa, ta ce Nekruz ne.

Na zo ne da niyyar ce mata idonta ke mata gizo. Amma ka san kafaɗarsa ta hagu da ta sauka tun da ya faɗo daga bishiyar tuffa. Ka san yadda yake karkata kai in kaya sun yi masa nauyi. Ya rame, ya tara gemu, amma shi ne. Ni ma na gani da idona.

Jiya Inna ta ci abinci har da ƙari. Yau da kanta ta hura tanderu, ƙamshin burodi ya kai har gidan maƙwabta. Ga hoton nan na ɗauka da waya na haɗa maka. Ka nemi izini wurin mai gidanka ka tafi, ko da zai yanke maka albashi. In akwatinka ya dawo mana da yaron nan, na janye duk abin da na faɗa a kansa, har in nemi gafararsa a gaban jama'a.

Allah ya kai ka lafiya.

Yayarka,
Sanavbar


Omsk

Yaya Sanavbar,

Ina gaishe ki. Ki karanta wannan a inda Inna ba ta ganin fuskarki.

Na zo, na sami kasuwar, na sami layin 'yan kabeji. Na yi ta nuna hoton ana girgiza kai, har na kai ga wani dattijo mai tura baro, Sayfiddin, ɗan ƙasarmu, mutumin garin Kulob. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai me kake gare shi?" Na ce wansa ne. Ya ce, "Zo ka zauna, ɗana."

Shi ne, Yaya, idon Inna bai yi ƙarya ba. Amma bidiyon tsoho ne, tun hunturun bara aka ɗauke shi. Daga ni har ke ba wanda ya duba kwanan wata. Takardun Nekruz ne suka ƙare, ya ji tsoron kamu, ya yar da layin wayarsa ya koma amsa wani suna a kasuwa. Ya gaya wa abokan aikinsa ba zai kira gida ba sai ya tara abin da zai shiga da shi ba tare da kunya ba. A kwantena yake kwana. Sanyi ya kama masa ƙirji, suka yi suka yi ya je asibiti ya ƙi, don kada a tambaye shi takarda. Ya rasu kafin ƙanƙarar bara ta narke. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yan baro ne suka haɗa hannu suka yi masa sutura. Sun so su aiko da labari, ba su san inda za su aika ba. Dattijon ya ce in an tambayi Nekruz garinsu, dariya yake ya ce, "Inda tuffa ta fi zaƙi." Sun kai ni kabarin, a bayan gari yake, da ɗan katako a kai. Na zauna na karanta abin da na iya. Na yi masa faɗa kuma, Yaya, da ƙarfi, kamar yana ji. Wane ne ya ce masa kuɗi muke jira?

Kin ce ta koma cin abinci. Ni dai da za a bi ta tawa, a bar ta da bidiyonta har in zo da bazara mu faɗa mata tare. A ciki yana da rai, yana tura baronsa. Ban sani ba ko zunubi ne. Ke ce babba, ke ce kuma a gabanta.

Ki yafe mini maganar da na yi ta dutse.

Ƙaninki,
Shodmon


Sebzor, ƙarshen hunturu

Ƙanena,

Allah ya ba mu haƙuri, ya jiƙan Nekruz. A bayan makaranta na karanta wasiƙarka, na wanke fuska da ƙanƙara na koma aji.

Na bi shawararka, kuma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinta ba. Kullum da safe sai ta kunna ta tsayar da hoton ta yi masa magana: "Ka sa hula mana, ɗan banza, ba ka jin sanyi?" Ta share ɗakinsa, ta shanya katifarsa, ta fara saƙa masa safa. In ta ce, "Me Shodmon ya ce?" sai in ce kana nan kana nema. Ina faɗa ina kallon buta.

Ran Juma'a ta kunna, bidiyon babu. Baƙin allo kawai da ɗan rubutu, wai mai shi ya cire. Na nema ta kowace hanya ban samu ba. Ashe duk abin da ke cikin akwatin nan aro ne, mai shi na iya karɓe abinsa ba ko sallama.

Ta ɗauka ni ce na sake gogewa. Ta cakumi wuyan rigata da hannayen nan nata da ba su da sauran ƙarfi, tana cewa, "Sau biyu kina raba ni da shi. Me na yi miki, Sanavbar? Me ya yi miki?" Na ga ta ɗaga hannu sama za ta yi mini baki. Ban iya ba, Shodmon. Na durƙusa na riƙe ƙafafunta na faɗa mata komai.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, can ta ce, "Wa ya wanke shi?" Na ce abokan aikinsa. Ta ce, "An yi masa salla?" Na ce an yi. Ta ce, "Da wane suna?" Ita ce ta ba kanta amsa, ta ce, "Allah ya san wanda ubansa ya raɗa masa."

Ta tambayi tun yaushe muka sani, na gaya mata. Ta dube ni kawai, har yau ba ta ce komai a kai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abu ɗaya ta nema. Ka koma wurin dattijon nan ka rubuto sunan duk wanda ya taɓa gawar ko ya ɗauki makara, kada ka bar ko ɗaya. Ta ce za ta riƙa ambatonsu a sujada.

Ka kula da ƙirjinka, don Allah. In ka ji tari ka je asibiti.

Yayarka,
Sanavbar


Sebzor, farkon bazara

Shodmon,

Gaisuwa. Sunayen sun iso, liman ya karanta su a wurin sadaka, Inna ta sa ya maimaita. Tana tashi, tana salla, tana ɗan taɓa abinci. Talabijin ta lulluɓe shi da mayafi. Akwatin na zare shi, yana kan taga.

Ɗazu Mohbegim, matar mai injin niƙa, ta shigo ta'aziyya. Da za ta fita ta ja ni bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da ni. Ashe ɗanta ya daina kira tun kaka, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce ta ji akwatinmu ne ya nemo Nekruz, ko za mu taimaka mu ara mata.

Na ce ta dawo gobe. Kai ka saye shi, sai ka faɗa mini: in ba ta, ko in ce ya lalace?

Ina jiran amsarka kafin azahar.

Yayarka,
Sanavbar