Farfelar Mijina a Wutsiyar Jiminar Ƙarfe

Daga: Misis Noreen Pascoe,
Gonar Pascoe, Titin Kulbarra.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Sakatare,
Ƙaramar Hukumar Kulbarra,
Yammacin Ostireliya.

9 ga Fabrairu, 2023

Mai Girma,

Game da: Gumakan ƙarfe na bakin titi da mutuwar tumakina

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana a kan maƙwabcina, Mista Lyle Hatcher, wanda hukumarku ta ba izinin kafa gumakan ƙarfe masu juyawa da iska don masu wucewa su tsaya kallo.

1. Kamar kowane mai tumaki a nan, kowace safiya nakan hango farfelar famfona mai jawo ruwa da ƙarfin iska daga baranda, ta saman itatuwa. In tana juyawa, akwai ruwa a kwami. Haka marigayi mijina Merv ya koya mini, kuma tunda gwiwa ta hana ni sakat, da wannan hangen na dogara.

2. A makon farko na Janairu, da zafi ya yi tsanani, kullum ina ganinta tana juyawa. Ranar 7 ga wata wasu baƙi suka tsaya a ƙofata, suka ce sun je ɗaukar hoton gumakan sun ga tumaki kwance jikin shinge. Na je na tarar da kwami a bushe, famfo tsaye ba farfela a kansa, tumaki goma sha ɗaya sun mutu.

3. Abin da nake hangowa ashe wutsiyar sabuwar jiminar ƙarfen Mista Hatcher ce, wadda aka kafa dab da shingena, daidai saitin famfon. Fili ne da shi har ido ya gaji, amma nan ya zaɓa. Farfelar kuwa tawa ce. Na gane facin da Merv ya yi mata da gwangwanin kananzir, ko a mafarki ba zan kasa gane shi ba.

4. Mista Hatcher ya ce shi ba ɓarawo ba ne, wai wani ne ya ba shi farfelar. Ya ƙi faɗin wanda ya ba shi. Sai dai ya daɗe yana neman in sayar masa da filin kiwon da famfon ke ciki don ajiye motocin 'yan kallo, kuma mutum ɗaya ne ke ta ce mini na tsufa da kiwo, in sayar in koma gari. Shi ne kuma yake da makullin ƙofar wancan shingen. Ɗana ne, Warrick. Ban tambaye shi ba, domin ina tsoron amsar.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya sa a mayar da farfelar kan famfona kafin sauran tumakin su bi 'yan'uwansu, a kuma matsar da jiminar daga saitin barandata. Ina kuma roƙon a binciko wanda ya kwance ta. Idan baƙo ne, a miƙa shi ga 'yan sanda. Idan sunan da nake zato ne, don Allah kada a karanta shi a zaman majalisa. A aiko mini ni kaɗai, a rufe.

Da matuƙar ladabi da biyayya,

Noreen Pascoe (Misis)