Matata Kyaftin Ce, Ta Ce Hayar Akori-kura Za Mu Yi

Anti Darlene,

Ki taimake ni da shawara kafin Juma'a, don ina gab da yin abin da zan zo ina cizon yatsa a kansa. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Gaskiya ma, kallon marasa aikin yi nake yi wa masu rubuto miki. To ga shi yau na shiga layinsu.

Ni mai walda ne. Matata Marisol nas ce a asibitin soja, tana da muƙamin kyaftin. Ni ban taɓa sa kaki ba. A takardun bariki sunana yana layi ɗaya da na 'ya'yanmu biyu, cikin waɗanda take ɗauke da nauyinsu. Tun da muka yi aure nake bin ta da akwatuna: Jojiya, Jamus, Kansas, yanzu kuma nan Killeen a jihar Texas. Duk inda na fara samun masu ba ni aiki sai takardar taransifa ta zo, in sake komawa baƙo.

A nan ne dai abin ya fara kama ƙasa. Wani mai kiwon shanu a wajen Lampasas, Mista Hollis, ya ga ƙofar garken da na yi wa maƙwabcinsa, ya ce zai ba ni aikin shingen gonarsa gaba ɗaya idan ina da motar da za ta ja tirelar injina. Yanzu aron motar maƙwabci nake yi, kuma matarsa ta fara ɗaure min fuska. Mota ɗaya gare mu, ƙarama, ita ke kai Marisol asibiti ta kai yara makaranta. Don haka mun yarda a samo akori-kura. Rigimar ita ce, ni na ce saye, ita ta ce haya ta shekara uku.

Haya fa, Anti. Ka yi ta biya wata-wata, kana wanke ta kana lallaɓa ta kamar jinjirin wani, ranar ƙarshe ka mayar, wani yaro ya zagaya ta da tocila yana neman ƙwarzanen da zai caje ka. Ki zo layinmu ki ga 'yan haya. Ƙananan hafsoshi ne da gingima-gingiman motoci masu sheƙi, bayan motar bai taɓa ɗaukar abin da ya fi ledar cefane nauyi ba. Akwai wani laftana da ke shimfiɗa bargo kafin ya ɗora keken ɗansa. Ran Lahadi sai ka gan su a ƙofar gida da tsumma, kowa yana shafa kayan kamfani yana hura hanci. Wai cikin waɗannan ake so in shiga.

Asabar waccan muka je ɗaya daga cikin wuraren sayar da motocin nan da suka jeru a bakin bariki, masu tutoci kamar ana bikin ƙasa. Dillalin, wani Chet, gashi a shafe da mai, haƙora farare ƙal kamar na roba. Da ya ga askina irin na sojoji sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Yallaɓai, mun gode da hidimar da kake yi wa ƙasa." Marisol tana baya da yara, sanye da kayan gida, ko kallonta bai yi ba. Da aka zo maganar rangwamen sojoji ta ajiye katinta na soja a kan tebur. Wallahi kujerarsa har ƙara ta yi wajen juyawa. Daga nan sai "Kyaftin" sama, "Kyaftin" ƙasa. Ni kuwa ya ce min, "Maigida, akwai kofi da donat can kusa da wurin wasan yara."

Na daure. Na nuna wadda nake so: baƙa, ƙofa huɗu, kujerun fata masu ɗumama baya, kuɗinta ya doshi dala dubu saba'in, bashin shekara bakwai. Marisol ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Da albashin wa?" Chet ya sunkuyar da kai yana wasa da bironsa, amma na ga murmushin.

Na tashi na fita. Na kama bakin titi a ƙafa cikin ranar nan ta Agusta. Ta biyo ni da mota tana tafiya a hankali, ta sauke gilashi ta ce in bar shirme in shigo. Na ƙi. 'Yata Paloma tana ɗago min hannu ta taga, ta ɗauka wasa muke. Da na iso gida ƙafafuna sun yi bororo.

Hujjarta ita ce ana raɗe-raɗin za a tura ta Koriya ko Hawaii baɗi, kuma wai doka ta ba soja damar mayar da motar haya idan hakan ta faru. Kullum haka. Kullum akwai wata takarda da ke tafe. Gidan da muke ciki ba ni da ikon yi wa bango fenti. Tumatirin da na shuka a Kansas wasu suka ci. Abokai ma na haya ne, shekara biyu ka mayar. An taɓa gayyata ta shan shayi na matan hafsoshi, ni kaɗai namiji, matar kanar ta miƙo min jakar tsaraba da man shafa hannu a ciki. Wannan ce rayuwar da ake ce min in gode.

Ba wannan ce akori-kurata ta farko ba. Babana ya bar min tasa da ya rasu, tsohuwa, shuɗiya, a cikinta ya koya min tuƙi. Da za mu Jamus aka ce mota ɗaya tak soja ke ɗaukar wa iyali. Marisol ta ce a sayar, ai ƙarfe ne kawai. Wani kurtu ya saya a banza, daga baya na ji ya kifar da ita a hanyar mashaya. Ban ce mata komai ba a lokacin, ban kuma ce ba har yau.

Tun ranar Asabar ɗin nan maganarmu ba ta wuce wa zai ɗauko yara ba. Shekaranjiya Chet ya kira ni, na kuma koma "yallaɓai". Ya ce ya samo min bankin da zai ba ni bashi da sunana ni kaɗai, kuɗin ruwan ne dai da ɗan yawa, in zo Juma'a in sa hannu. Ina son in ga fuskarta idan ta dawo daga aiki ta tarar da motar a ƙofar gida. Mista Hollis kuma yana jiran amsa ƙarshen wata. Ki gaya min gaskiya, wa ke da gaskiya a cikinmu?

Mai Walda Marar Igiya, Killeen.

*

Ɗana Marar Igiya,

Kada ka je Juma'a. Wannan na fara faɗa don ko da ka gaji da karatu a nan, ka ji mai muhimmancin. Mutumin da ya tura ka wurin donat bai gano darajarka cikin kwana goma ba. Ya ga miji mai fushi ne, kuma irinsu da fushin maza suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Na zauna a garuruwan bariki tun kafin a haife ka, marigayi mijina saje-manjo ne. Na ga Chet a kowane gari, sunan ne kawai ke canjawa. Bai cancanci ko bororon ƙafarka ɗaya ba, balle sa hannunka.

Yanzu ga hisabin. Matarka ba shirme take faɗa ba. Haya tana da sauƙin biya a wata, gyara yana kan kamfani muddin garanti bai ƙare ba, kuma akwai dokar da ke ba soja damar fita daga yarjejeniya idan aka tura shi ƙetare ko aka kai shi aiki na wata shida ko fiye. Sai dai tana da sharuɗɗa, ba kowace taransifa take rufewa ba, kuma sunan sojan ne ya kamata ya kasance a takardar. Lauyoyin bariki za su duba muku kyauta. Ga iyalin da ba su san inda za su kwana baɗi ba, wannan ba ƙaramar kariya ba ce.

Amma a kan aikinka kai ke da gaskiya. Motar haya tana da iyakar mil a shekara, kuma zirga-zirgar Lampasas za ta cinye shi tun kafin a je ko'ina. Yawancin irin takardun nan ba su yarda a yi sana'a da motar ba. Bututun ƙarfe da tartsatsin walda kuwa ba su san bodin kamfani ba. Ranar mayarwa yaron nan mai tocila zai yi biki a kanka. Motar aiki saye ake yi.

To sai dai wadda ka nuna ba motar aiki ba ce. Kujera mai ɗumama baya, a Texas? Ka cika min shafi da zagin laftana mai bargo, sannan ka je ka zaɓi irin motarsa, har ka fi shi da bashin shekara bakwai. Sabuwar mota darajarta zubewa take yi tun daga bakin ƙofar dillali. Idan Koriya ta tabbata baɗi, za ka sayar da ita ƙasa da abin da banki ke bin ka, ka tafi ƙetare kana biyan kuɗin motar da wani ke tuƙawa. Shingen Mista Hollis bai damu da fata ba. Nemi ta hannu mai ƙarfin jan tirela, wadda ta riga ta sha ƙwarzanenta, ka kai wa makanikenka ya duba, ba nasu ba. Ka karɓi ƙaramin bashi daga asusun lamunin sojoji, wanda aikin shingen kaɗai zai iya biya. Ka nemi Mista Hollis ya rubuta alƙawarinsa, don baki ba ya sayen mai. Idan taransifa ta zo, irin wannan motar ba ta kwana a kasuwa a jiharmu. Ita kuma Marisol, ranar da ƙaramar tata ta gaji, ta yi hayarta lafiya, kai kuma ka rufe baki.

Saura maganar da ta fi mota nauyi. "Da albashin wa" mummunar magana ce, a gaban baƙo kuma ta fi muni. Matar da ta samu muƙami saboda akwai mai ɗaure akwatuna da kai yara makaranta da barin sana'arsa a kowane gari ba ta da bakin yin wannan tambayar. Albashin nan da guminka a ciki. Ta san haka ko ba ta sani ba, tana bukatar ta ji daga bakinka, kuma ya kamata ta ba ka haƙuri.

Kai ma ka duba wasiƙarka. Ka raina maƙwabta, ka raina matar kanar da man shafawarta, ka raina har masu rubuto min. Wanda ka fi rainawa kuwa shi ne mutumin da ya riƙe gida tsawon shekarun nan. Ba Chet ne ya fara mayar da kai ƙarami ba, ya tarar da aikin ya yi nisa. Mata dubbai sun yi abin da kake yi ba wanda ya tausaya musu, ni ɗaya ce a cikinsu, kuma ban taɓa ɗaukar kaina 'yar rakiya ba. Batun motar babanka kuma, ka yi shiru shekara da shekaru kana jira ta gane da kanta. Ba za ta gane ba. Ta ɗauka ƙarfe ta sayar, domin ba wanda ya gaya mata akasin haka. Ajiye baƙar mota a ƙofar gida ba zai gaya mata ba, sai dai ya koya wa Paloma yadda iyaye ke ramuwa.

Ka kai yara gidan maƙwabcin nan naka na awa biyu. Ku zauna, ka fara da babanka, ka zo kan maganar da ta faɗa, sannan ka tambaye ta abin da na lura ba ka taɓa tambaya ba: shekara nawa take da niyyar ƙarawa a soja, kuma a wane gari kuke so ku ajiye akwatunan na ƙarshe. Idan kun amsa wannan, zaɓen mota ba zai ɗauke ku rabin yini ba.

Allah ya sa albarka a aikin shingen, ya sanyaya zukatanku, ya raya muku yaran. Ka gaishe min da Kyaftin.

Anti Darlene.