Babana Ya Ce Matar Da Ke Cikin Hoton Ba Ummanmu Ba Ce

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma in da hali kada ki bar wasiƙata ta bi layi, domin abin da ke faruwa a gidanmu ba zai jira ba.

Ni ce auta, kuma ni ke zaune da Baba tun rasuwar Umma. Mai fentin mota ne a da, ya yi suna wajen haɗa kala. In mota ta ƙwarzane, kallo ɗaya zai yi mata ya dama fentin da ba za ka gane inda aka shafa ba. Yanzu tsufa ya zo masa da ciwon mantuwa. Wata rana ya kira ni da sunana, wata rana da sunan ƙanwarsa. Duk na saba. Abu ɗaya ne bai taɓa ɓace masa ba, wani ɗan hoton Umma baƙi da fari, na ƙuruciyarta, bai kai tafin hannu ba. A aljihun gaban rigarsa yake zama. In an kawo abinci sai ya ciro shi ya jingina da kofi, ya ce mata bismilla, sannan ya sa hannu. Yayana har tsokana yake yi, wai Umma ba ta nan amma har yau ita ke riƙe da gidan.

Makon jiya rigar ta tafi wanki da hoton a ciki, ba wanda ya lura. Mai wanki ya dawo mana da shi a leda yana ta ba da haƙuri. Ya dagargaje, fuskar ta tafi gaba ɗaya.

Da farko hankalina bai tashi sosai ba. Ina aiki a shagon buga takardu da fotokwafi, kuma bara na ɗora hoton a sikana na adana a kwamfuta don in tura wa 'yan uwa. Na ce ai da sauƙi. Mai shagon ya ba ni izini, na sa takardar hoto mai sheƙi a ƙaramar firintarmu mai tawada, na buga, na yanke daidai girman na da. A shago ya yi mini kyau. Na kai gida na jingina da kofi kamar kullum.

Anti, Baba ya ɗauka ya kawo kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa ya sa mata ciwo? Dubi yadda jikinta ya yi kore." Na karɓa na duba, wallahi kuwa akwai wani kore-kore a kumatunta da wuyanta, kamar na wanda ya daɗe a kwance. Ranar bai ci komai ba.

Washegari na sake bugawa, na rage nan, na ƙara can. Wannan a bakin taga ya yi toka-toka, amma da aka kunna ƙwan ɗaki sai ya koma ruwan hoda. Wani ya fito da siraran layuka a goshinta. Wani kuma gashinta da ɗankwalinta suka haɗe suka zama baƙi ƙirin. Duk wanda na kai masa sai ya ture, ya ce ba ita ba ce. Yanzu durowata a shago cike take da fuskar mahaifiyata kala-kala, har tsoron buɗewa nake yi. Ni kaina na fara rikicewa, na kasa tuna yadda na asalin yake.

Shayi kawai yake kurɓa, shi ma sai da lallashi. Ya zabge, wando na zame masa. Shekaranjiya da hantsi na fito daga wanka na tarar da ƙofar gida a buɗe. Mai kantin bakin titi ne ya riƙo shi yana shirin tsallaka kwalta ba takalmi, wai zai je asibiti ya ɗauko matarsa. Da muka dawo ya damƙi wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ce, "Ke wace ce? Ina kuka kai ta?" Har yanzu shatin yatsunsa na nan. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Yaya ya ce in daina wannan wasan, in zaunar da Baba in gaya masa Umma ta rasu, hoto ya lalace, shi ke nan. A ganinsa yaudarar tsoho nake yi, ni ke ƙara rikita shi. Gwaggonmu kuwa cewa ta yi canza kalar nan ba banza ba, ishara ce, in tattara su duka in ƙone. Tun da ta faɗa, da na ji firinta ta fara jan takarda sai maganarta ta dawo mini.

Ina tsoron yunwa ta kashe shi a hannuna. In kuma na bi maganar Yaya, ina tsoron ya ji mutuwar sabuwa fil, gobe ya manta, in sake gaya masa. Ko wanka ba na iya yi cikin natsuwa, kunnena na ƙofa. Anti, ya zan yi?

Auta Mai Fargaba

*

Ƙanwata Auta,

Sannu da ɗawainiya. Bar maganar firinta tukuna. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ku kai Baba wajen likita. Tsohon da ya daina cin abinci, ruɗewarsa ta ƙaru farat ɗaya, ba lallai hoto kaɗai ke damunsa ba. Ƙarancin ruwa a jiki ko wani ciwo da bai iya faɗa ba kan rikita tsofaffi haka. Ki gaya wa likitan komai, har da fitar da ya yi da riƙon da ya yi miki. Ƙofa kuma a sa mata sakata a sama da 'yar ƙararrawa, ki roƙi maƙwabta da mai kantin su sa ido.

Batun kore, ki kwantar da hankalinki, ki kwantar da na Gwaggo. Babu wata ishara. Ƙananan firinta irin taku sukan gauraya tawadar kala ne su samar da toka-toka, in ɗaya ta ɗan rinjayi sauran sai kore ko ruwan hoda ya leƙo, kuma yakan sauya daga hasken rana zuwa na ƙwan ɗaki. Idon Baba ya gaya masa gaskiya, fassarar ce ta kuɓuce masa.

Ki mayar da hoton baƙi da fari zalla a kwamfuta, domin sikana kan kwaso har rawayar tsufan takarda. Ki ɗan haska wuraren duhu don gashi ya rabu da ɗankwali. A saitin firinta ki zaɓi tawadar baƙi kaɗai in tana da wannan, ki kuma gaya mata ainihin irin takardar da kika sa. Layukan goshi alamar kan firintar da ke fesa tawada ya toshe ne, ki sa ta wanke kanta. Ki bar takarda mai sheƙi, ki nemi marar sheƙi mai ɗan kauri, kuma ki bar hoto ya kwana ya bushe kafin ki yanke masa hukunci, ki dube shi a ɗakin da Baba ke cin abinci. Amma in da ni ce, da na huta da waɗannan gwaje-gwajen. Ki kai wa ƙwararren mai wankin hoto da ke da babban inji, ki tafi da ragowar na asalin ya ga kaurin takardar da launinta, ya fitar miki da biyu, ɗaya a ajiye.

Yayanki yana da gaskiya a wuri ɗaya. Kai wa Baba hoto bayan hoto, kowanne da kamarsa, yana ƙara firgita shi. Ki dakata sai kin sami wanda ke kanki kika gamsu da shi. Kuma kada ki ce na da ne, ki ce kin sake wanko masa hoton Umma, wannan ba ƙarya ba ce. Inda ban bi Yaya ba shi ne sanar da rasuwa. Wanda ba ya riƙe labari, in an gaya masa zafin kawai yake samu. Ki gaya wa yayan naki in yana son taimako, ya zo ya karɓe ki zama da Baba wasu ranaku, ya kuma raka ku asibiti. Mutum ɗaya ba ya iya wannan jinyar.

Ki kuma shirya zuciyarki, domin mai yiwuwa ko an fitar da mafi kyawu ya ƙi karɓa. In haka ta faru, kada ki sake bugawa. Ranar da ya tambaye ki ina Umma take, kada ki yi musu da shi, kada ki ƙirƙiro amsa. Ki zauna kusa da shi da kwano a hannu, ki ce ya ba ki labarin ranar da ya fara ganinta. Yana ba da labari, kina miƙa masa cokali.

Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya jiƙan Umma, ke kuma Ya saka miki da 'ya'yan da za su riƙe ki haka.

Antinki