Fuskar Auta a Madubin Wadirob

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taka. Mu nan da sauƙi. Matar Auta ta fita takaba, ta rame ƙwarai. 'Yarsu Ummi kuma baki ya buɗe, surutu kamar ubanta.

Yaya, wata magana ce ta hana ni sukuni. Ka san Auta ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar mutane bidiyo, amma da ya rasu muka bincike kwamfutarsa kaf, babu inda ya fito yana motsi. Ko a sunan Ummi, da na ce ya shigo cikinmu, dariya ya yi, wai Mama in na shigo wa zai riƙe kyamarar. Wanzami ba ya son jarfa. Wuri ɗaya kawai muka same shi, a tallar da ya yi wa wani shagon kayan ɗaki. Yana wucewa gaban wadirob, madubi ya kama shi kamar ƙiftawar ido, kyamara a kafaɗa, ya cije leɓe yadda yake yi tun yana ƙarami. A ƙarshe kuma ga sunansa da ƙananan baƙaƙe. Kullum Ummi sai ta kawo min waya mu buɗe shafin shagon, ta dangwala yatsa ta ce Abba. Ban taɓa tunanin ajiyewa a wayata ba. Na ɗauka abin da ke can yana nan har abada.

Kwanan baya muka buɗe, sai ga tallar ta canja. Sun ba wani ya gyara, ya yanke wurin madubin, ya cire sunan, ya sa nasa. Na sa mayafi na tafi shagon. Manajan bai wulaƙanta ni ba, ya ba ni kujera da ruwa, ya yi min ta'aziyya. Amma ya ce aikin nasu ne, Auta ya sa hannu ya miƙa musu komai har da katin kyamarar, sunan ma alfarma ce, ba ya cikin yarjejeniya. Fitowarsa a madubi kuwa, wai a wurin masu sana'ar kuskure ne, shi ya sa aka goge tsohuwar. Yaya, ɗana ne kuskuren. Na ce ni ba talla nake so ba, wurin nan kawai za a yanko min. Ya ce zai tambayi mai shagon, amma yadda ya sunkuyar da kai na gane babu.

Wani abokin aikin Auta ya gaya min ya sha yi masa faɗa ya riƙa rubuta sharaɗin suna da ajiye kwafi, shi kuwa sai ya ce mutunci ya fi takarda. Haka na tarbiyyantar da shi, to wa zan zarga? Da zan fita daga shagon na ga wadirob ɗin, har yanzu ba a saya ba. Na tsaya gaban madubin na daɗe. Wata tsohuwa kawai na gani.

Abin da ya sa na rubuto, na tuna Auta ya tura maka tallar lokacin da ta fito, har ka tsokane shi wai ya zama ɗan fim. Na san ka ce wayar nan ta faɗa ruwa. Duk da haka don Allah ka nemo ta, ka kai wa mai gyara. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ummi har yanzu tana kallon sabuwar tallar, tana ɗaga yatsa tana jira, sai ta juyo ta ce min Abba ya ɓuya.

Ka gaishe min da Anti, da 'yan biyu, da Gwaggo Babba, Allah ya ƙara mata lafiya. Idan an samu, ka kira ni ko ina kan sallaya. Idan ba a samu ba, kada ka kira ka gaya min. Ka yi shiru kawai, zan gane.

Ƙanwarka,
Maman Auta