Duwatsun Audu da Iyakar Gandun Daji

Zuwa ga Malamin Daji mai kula da sabon gandun da ke bayan ƙauyenmu, a ƙasar Gayam.

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da rubutuna. Aji biyu na yi a elementare, malam ya ce in koma gona tun ban ƙarar masa da alli ba. Abin da ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Na ɗaya. Ina da ɗa, Audu. Ya isa kiwon awaki, amma ba ya kiwo, ba ya hira, ba ya kallon idon mutum. Ko ƙarar taɓarya ya ji sai ya toshe kunne. Malamai sun ba shi rubutu ya sha har allo ya koɗe. Masu bori suka ce iska ce, suka cinye zakarana, iskar ko gezau. Abu ɗaya ke kwantar masa da hankali: kowace safiya ya je gindin wata kaɗanya a bakin daji, ya jera duwatsunsa daga ƙarami zuwa babba yana ɗan gunguni. In ya gama sai ya dawo ya sha kunu kamar ɗan kowa.

Na biyu. Bayan girbin bana yaranka suka zo yanka iyaka. Suka tarar da duwatsu a jere, suka ce Allah ya hutar da su, suka tsiba su wuri guda, suka shafa musu farar ƙasa. Wai iyakar Gwamnati ke nan, kaɗanyar kuma ta faɗa ciki. Audu bai san Gwamnati ba. Ni ma lokacin haraji kawai muke gaisawa. Washegari ya rushe tsibin, ya mai da kowane dutse mazauninsa. Suka sake tarawa, ya sake jerawa.

Na uku. Aka kai ni gaban dagaci, wai ina ture iyaka don in ci gona. Ni da gonar gado ma ciyawa ta fi ni iko da ita! Aka ce idan Audu ya ƙara taɓa tsibin, ni gidan yari, shi kuma a buga masa marin ƙarfe a ƙafa irin na mahaukata. Sai na ɗaure shi da igiya a ɗaki. Ranka ya daɗe, da hannuna na ɗaure ɗana. Na kwaso masa wasu duwatsun daga rafi, ko kallonsu bai yi ba. Yanzu gari na wayewa sai ya hau buga goshi da bango, yana cizon hannunsa har jini. Uwarsa takan sa tafinta tsakanin kansa da bangon, yatsunta sun kumbura, ko daka ba ta iyawa. Abinci sai an ɗura masa. A kasuwa har yau ina ba mutane dariya, domin in na yi shiru sai su tambaye ni jikin yaro.

Ga roƙona. A mayar masa da duwatsunsa. Ni zan ɗauko manya daga rafi a kaina, in tsiba, in shafa farar ƙasar, kyauta. A bar shi ya je gindin kaɗanyar da safe. Ba ya sara, ba ya sa wuta, ko ɗan kaɗanyar ba ya tsinta. In kuwa doka ba ta da wannan ƙofa, a gaya mini a fili in sani, domin igiyar ta fara cin ƙafarsa, bayanta kuma babu abin da ya rage sai marin.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka 'ya'yan da in ka kira su za su waiwayo.

Wassalam.

Ni ne Tanko, uban Audu.